Kulocin da Aka Sa wa Motar Baba

Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya ajiye magana. A makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu, malamai kan ce idan ana son shugaba ya ji abu, to a faɗe shi a gabana. A gida ma haka na tashi, ga tsiwa ga autanci, babu mai kwaɓa ta. Amma sau ɗaya tak da aka buƙaci bakin nan nawa ya yi aikin kirki, sai na kama shi na rufe. Shi ya sa har yau idan na zo shiga gidanmu na ga motar Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai raina ya ɓaci, in rasa da wa zan fara.

Baba malamin dabbobi ne kafin ya yi ritaya. Ya yi shekaru yana bin rugage daga Kangire zuwa Kiyako yana yi wa shanu allura. Asalinmu Fulani ne, ko da yake Fulatancin ya tsaya a bakin kakanni, mu da Hausa muka tashi. Abin da bai tsaya ba shi ne fulako. Baba ba ya cin abinci a gaban mutane, ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya cewa wayyo. Kuma bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, wato Yaya, babban wanmu da ke kasuwanci a Kano. Kunyar ɗan fari kowa na yi, amma ta Baba ta wuce gona da iri, don shi ko magana ba ya yi masa kai tsaye. Yaya zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, Baba ya kalli bango ya ce "lafiya." Idan da saƙo, Inna mahaifiyarmu ake ba. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa sai aikin ya dawo kaina. "Auta, ki gaya wa mutumin Kano kaza da kaza." Alhali mutumin Kanon ga shi nan zaune a tabarma ɗaya da mu, gemunsa har ya fara furfura.

Motar kuwa tsohuwa ce 'yar Jamus, doguwa, ruwan madara, mai nauyin ƙofa. Ta girme ni nesa ba kusa ba. A hannun wani likita ɗan kudu Baba ya same ta, lokacin da likitan zai koma garinsu. Atomatik ce, ita take canza wa kanta giya, abin takawa biyu ne kawai a ƙasa, totur da burki, duka da ƙafar dama ake taka su. 'Yan tasha suna ce mata motar ragwaye, Baba bai taɓa tanka musu ba.

Duk ranar Asabar bayan an karya, sai ya wanke ta da hannunsa, ya sa goro da sabulu da sukari da ganyen shayi a kujerar baya, ya kama hanyar Gwaram, ya ratse zuwa Zandam wajen Goggo. Goggo yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi da mahaifiyarsu ta rasu, kuma su biyu suka rage a ɗakinsu. Ta tsufa, idonta ya tafi, amma tun motar tana bakin gari take jin ƙararta ta ce a shimfiɗa tabarma. Ya wuni a can, ya dawo kafin magariba. Ban taɓa ganin abin da ya hana shi wannan tafiya ba, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ni kaɗai na san abin da ya sa ya zaɓi motar ragwaye. Gidan aurena a unguwarmu yake, kullum da safe ni nake kai masa kunu. Wata safiya na same shi zaune a ƙasa kusa da buta, ya gama alwala ya kasa miƙewa, ƙafarsa ta hagu sai rawa take. Ashe tun muna yara wani bijimi ya harbe shi a gwiwa a wata ruga, ya ɗaure da rawani ya ƙarasa allurarsa, bai gaya wa kowa ba sai Inna. Da tsufa ya zo sai ƙafar ta fara mutuwa a hankali. Tana ɗaukarsa ya taka sannu sannu har masallaci, mutane su ɗauka natsuwa ce, amma ba ta iya danna komai da ƙarfi.

Da na ɗaga shi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, abin da kika gani amana ce."

Na ce, "Baba, ai asibiti za mu."

Ya ce, "Na je, sun ce haƙuri. Idan 'yan uwanki suka ji, makullin motar nan za su karɓe, su ajiye ni a zaure kamar buhun gero. Ni kuwa ban gama zuwa Zandam ba."

Na ce na ɗauka. Na kuma riƙe, shekara biyu ko mijina bai ji ba.

Abin da ya jawo mana masifar bai taka kara ya karya ba. Wata Asabar Baba ya tsaya a bakin hanya a Gwaram zai ƙara goro, da ya dawo motar ta ƙi tashi. Batir ne ya mutu. Batir fa, jama'a! To ku kun san halinmu, idan mota ta ƙi tashi ba a tambayar komai, tura ta ake yi. Nan da nan mutanen kirki suka taru. Baba yana cewa irin wannan ba a tura ta, su suna cewa, "Baba shiga kawai, wace mota ce ba a turawa?" Ƙarti suka tura ta gaba, suka dawo da ita baya, suka sake, gumi sharkaf, ko tari ba ta yi ba. A ƙarshe wani direban haya ya ara masa batir ta tashi, ya ƙarasa wajen Goggo lafiya lau. Washegari ya sa sabon batir, magana ta ƙare. Ta ƙare a wajensa dai. Labari kuwa ya riga shi isowa gida, ya wuce har Kano, kuma kafin ya isa can ya yi ƙiba: wai an ga tsohon malamin dabbobi da tsakar rana ana gungura shi a titi mutane suna dariya.

Ba zan ci zalin Yaya ba, ko da yake ina so. Mutumin nan yana son Baba. Duk rayuwarsa abin da yake nema kalma ɗaya ce daga bakin tsohon nan. Amma so ba hauka ba ne, kuma wanda ba a aike shi ba ya fi kowa saurin zuwa.

Ba a yi wata ɗaya ba aka tafi da Baba Kano za a cire masa yanar ido, zai yi sati biyu a gidan Yaya. Ya bar min makullin motar, ya ce in riƙa tayar da ita kullum don kada batirin ya kwanta. Kwana uku da tafiyarsa sai ga wayar Yaya.

"Auta, bakaniken bakin tasha zai zo, ki ba shi makullin motar Baba."

"Me za a yi mata? Ai an sa sabon batir."

"Manuwal za a mayar da ita. A cire wannan giyar ta banza, a sa ta hannu da kuloci irin ta kowa. Ko a daji ta mutu mutum biyu za su tura ta ta tashi. Ba za a sake yi wa ubana dariya a titi ba."

Ni ban iya mota ba, amma na san kuloci shi ne abin takawa na uku, kuma da ƙafar hagu ake danna shi har ƙasa duk lokacin da za a sa giya. Na ce, "Baba ya sani?" Ya ce ba-zata zai yi masa. Na ce, "Haba Yaya! A tambaye shi mana. Bai ce a taɓa masa mota ba."

Sai ya ce, "Ke Auta, Baba ya taɓa ce min wani abu? Idan sai ya ce zan yi, to har ya bar duniya ban yi masa komai ba."

Duk da haka ban haƙura ba, na ce sai na ji daga bakin Baba. Idonsa a ɗaure yake, wayarsa tana hannun matar Yaya, ita ta sa ta a amsa-kuwwa ta kara masa, Yaya yana zaune a ɗakin. Na gaishe shi na ce, "Baba, Yaya ne yake so a yi wa motar wani gyara." Da a bayan idon Yaya ne, na san zai tambaye ni wane gyara. Amma ɗan fari yana zaune, surukarsa tana riƙe da waya, ina Baba ina jan magana? Sai ya ce, "To. Abin da ya gani."

Kalma ɗaya ta rage in faɗa, in ce kuloci. Tana kan harshena. Amma na lissafa: idan na faɗa, ko dai Baba ya ƙi kyautar ɗansa a gaban matarsa, ko a tambaye shi dalili ya rasa na faɗa. Ina cikin wannan lissafin banza matar Yaya ta ce, "To sai an jima," ta kashe. Da la'asar bakanike ya zo na miƙa masa makulli da hannuna.

Bakaniken nan dattijo ne, ya kusa sa'an Yaya, kullum da goro a baki, irin mutanen da ba su taɓa shakkar kansu ba. Kullum aka tashi daga makaranta sai in wuce garejinsa in tsaya masa a ka. Ya ce min, "Malama, kwantar da hankalinki. Duk atomatik da ta shigo garin nan, a hannuna take zama mota." Na ce da can mece ce, jaka? Ya yi dariya ya tofar da goro. Shi a iliminsa motar da ba a turawa ba ta dace da ƙasarmu ba, don haka abin da bai iya gyarawa ba sai ya cire shi ya huta. Kuma giyar nan lafiyarta ƙalau fa! Ba ta taɓa ba Baba kunya ba, batir ne ya yi laifi aka kama ta.

A gabana suka sauke ta, ta faɗo kan yashi tim, jan mai yana tsiyaya. Aka kawo wata daga Kano, wadda aka ciro daga wata matacciyar tasi. Ba ta zauna ba, aka kira mai walda ya ƙera mata mazauni. Dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, wanda suke ce wa farfela, ya gaza, aka yanka aka yi masa ƙari. Abin taka burki faffaɗa ne, babu wurin da kuloci zai shiga, sai bakanike ya sa zarto ya raba shi biyu. Sannan ya ɗauki guduma da cizal ya faɗaɗa rami a tsakar motar don sandar giya ta fito, ya tsarge shimfiɗar ƙasan da Baba yake kakkaɓewa duk Asabar. Kowace guduma a ƙirjina take sauka. Na ce masa, "Malam, don girman Allah tsohuwar giyar nan ka ajiye min ita, kada ka yar." Ya ce, "An gama, Malama."

Ranar da aka kammala na shiga na zauna na gwada kulocin. Ni mai ƙafa lafiyayya sai da na riƙe sitiyari na danna da duk ƙarfina kafin ya taɓa ƙasa. Na ce, "Wannan ai da tauri." Ya ce, "Haka ake so. Kuloci mai laushi ai na mata ne." Tabɗi jam! Da na san inda zan samu tabarya a garejin nan da ya ji na mata.

Yaya ne ya dawo da Baba a motarsa, ido ya washe tas. An wanke tsohuwar motar an ajiye ta a gindin darbejiya, maƙwabta sun fito yi wa Baba barka. Shi ma Yaya ba zai iya yi wa Baba magana kai tsaye ba, don haka ya juyo gare ni bakinsa har kunne ya ce, "Auta, ki nuna wa Baba." Ku ji fa. Ni aka ba amana, ni na ba da makulli, kuma ni zan buɗe ƙofa in nuna.

Na buɗe. Baba ya sunkuya ya dubi sandar giyar, ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana kallon abin takawa ukun nan da sabon idonsa. Sannan ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai. Sai ya juya ya fuskanci bishiya ya ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ba da masu yi masa." Maƙwabta suka amsa da amin. Yaya ya kau da kai yana share ido da hannun riga, don tun da aka haife shi bai taɓa jin irinta da kunnensa ba. Ni kuwa ji nake kamar in kwanta a ƙasa in yi ta birgima.

Asabar ta zo. Baba ya wanke mota, ya sa goro da sukari a baya, ya shiga. Ina tsaye a zaure ina leƙe. Ya ɗora ƙafar a kan kuloci ya danna, ta kai rabi ta fara rawa. Ya tura giya, ta yi wata ƙara mai tayar da tsigar jiki, motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake. Ya kuma sakewa. Bayan na ukun sai ya fito ya kwashe kayan Goggo da kansa. Ya ce, "Idon ne bai gama washewa ba. Sai wani satin." Idon da ya kwana biyu yana karanta ƙananan rubutun kwalin magani ba tabarau!

Wani satin ya ce rana ta yi. Na bayansa ya ce taya kamar ba iska. Amma duk Asabar sai ya wanke ta. Na ce, "Baba, mu shiga haya mana, in raka ka." Ya ce, "Mutum da motarsa a ƙofar gida ya shiga haya? Sai a ce aikin mutumin Kano bai yi ba." Na ce to mijina ya kai shi. Ya ce, "Ranar da aka fara tuƙa ni, an gama." Kun ga inda abin ya tsaya: yana kare sirrin ƙafarsa, yana kare farin cikin ɗan da ba ya iya kallo, ita kuwa Goggo tana can tana sa a shimfiɗa masa tabarma ana naɗewa. Ya ba wani direba goro da sukari ya kai mata. Direban ya dawo da saƙo, wai ta ce ba goro take nema ba, a tambaye shi ko ta yi masa wani laifi ne. Ranar Baba bai sha kunu ba.

Daga nan na zari mayafi na nufi gareji. Na ce wa bakanike ya mayar da motar yadda take, ko me za a yi a yi. Ya ce, "Da wace giyar?" Na ce wadda na ce ya ajiye. Ya sosa ƙeya ya ce ta tare masa wuri, tun a satin ya ba 'yan gwangwan, su kuma masu ƙera tukwane suke kai wa irinta a narke. Har da ƙarin bayani, wai yanzu haka wata tana can tana dafa wake a cikinta. Ya ce samun irinta sai dai can bakin teku, in ma an samu, kuma ga mota an riga an yanke ta ko ta ina.

Innalillahi! Ranar 'yan tasha sun sha kallo. Na ce masa macuci, na ce masa mahaucin motoci, na ce an ba shi lafiyayyen abu ya yanka don jahilcinsa, garin gyaran gira ya tsone mana ido. Babu abin da ban faɗa ba. Ya bari na gama, ya cire goron daga bakinsa ya ce, "Malama, kwana goma kina tsaye a kaina. Da akwai dalilin da ya sa ba a so a yi, ai da kin faɗa."

Har yau ina jin haushin mutumin nan, kuma rabin haushin don ya faɗi gaskiya ne.

A sati na bakwai aka yi wa Yaya waya daga Zandam cewa Goggo tana kwance, ba ta cin abinci, kuma kullum tambayarta me ya hana ƙaninta zuwa. Asabar da hantsi sai ga Yaya da matarsa da ledar magunguna. Ya tambaye ni ko motar ta sake lalacewa ne. Na ce ya tambayi bakanikensa. Ya shiga ya tayar, ya zaga unguwa ya dawo, ya ce lafiyarta ƙalau. Sannan ya ɗaga murya yadda Baba zai ji daga zaure ya ce, "Auta, ki ce wa Baba ya shige gaba, mu za mu bi shi a baya da tawa. Goggo ta fi son jin ƙarar tasa."

Baba ya sa hula ya fito. Bai kalle ni ba. Ya shiga, ya tayar, sai na ga ya sa hannun hagu ya dafa gwiwarsa yana danna ta ƙasa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Motar ta yi tsalle ta daki saiwar darbejiya ta mutu. Ya sake murɗa makulli, ta ƙi kamawa.

Yaya ya fito daga motarsa da sauri ya ce, "Ko batirin ne? Ba komai, ai yanzu ana tura ta! Jama'a, a taimaka." Maƙwabta suka taso suna naɗe hannun riga, suka ja ta baya daga jikin saiwa, suka jeru a bayanta suka dafa. Wani yana cewa, "Baba, taka kuloci ka sa ta biyu, idan ta ɗauki gudu ka saki!" Na hango fuskar Baba ta gilashi, tsoho mai jikoki, gumi yana bin gemunsa, ya riƙe gwiwa da hannu biyu, za a sake gungura shi a titi, wannan karon a ƙofar gidansa.

Ban san lokacin da na fita tsakiyar titi ba ko takalmi. Na ce, "Ku cire hannunku daga motar nan! Ku cire na ce! Ƙafarsa ba ta taka kuloci! Ƙafar hagunsa ta mutu, shekara da shekaru, don haka ya sayi wadda ba ta da shi! Kai kuma Yaya, wa ya aike ka? Mota lafiyarta ƙalau ka sa aka yanka ta, ka zaunar da shi sati bakwai, 'yar uwarsa tana can tana kuka, shi yana nan yana ƙarya da ido don kada ranka ya ɓaci! Duk ku kashe kanku da kunya, ni na gaji!"

Maƙwabta suka sauke hannu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa. Yaya ya dafa bayan motar kamar shi ne mai ciwon ƙafar.

Baba ya zare makulli. Ya buɗe ƙofa, ya sa hannu ya ɗago ƙafar ya sauke ta ƙasa, a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba. Ya dafa jikin motar ya zagayo a hankali, yanzu ba ya ɓoye ɗingishin. Da ya iso gaban Yaya sai ya tsaya, ya ɗaga kai ya kalle shi cikin ido, ya miƙa masa makulli.

Ya ce, "Karɓi. Tuƙa mu tafi."

Ya buɗe ɗaya ƙofar zai shiga, sai ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa ƙanwarka ta koma gida."

Motar ta tashi a hannun Yaya, suka tafi. Sun samu Goggo da rai. Yaya ya ba ni labari daga baya, wai tana jin ƙarar motar ta ce a tayar da ita zaune. Da Baba ya zauna kusa da ita ba ta tambaye shi komai ba, ta lalubo gwiwarsa ta hagu ta dafa. Ashe ta daɗe da sani, daga takunsa take ji. Makauniya ta sani, mu masu ido muna ta ɓoye-ɓoye har aka yanka mota.

Goggo ta ƙara wata huɗu a duniya. Duk Asabar Yaya ya baro kasuwarsa ya zo ya ɗauki Baba a tasa motar, har ranar da aka yi mata sutura. An ce a hanya har hira suke yi, ta shanu da ta damina. Baba bai sake riƙe sitiyari ba. Makullin yana wajen Yaya, tsohuwar motar kuma tana nan a gindin darbejiya inda aka ajiye ta, tayoyinta sun kwanta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Bakaniken nan har ya aiko a tambaya ko za a sayar, na ce a gaya masa idan ya kuskura ya zo ƙofar gidanmu sai na yi masa wanka da ruwan kanzo.

Baba bai taɓa yi min faɗa a kan abin da na yi ba, da ma ya yi. Har yanzu kullum da safe ni nake kai masa kunu. Jiya ma na kai, na durƙusa na gaishe shi, ya kalli bango ya ce, "Lafiya." Na ajiye kwanon na ɗan zauna ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, na tashi. Ina shiga gidana waya ta yi ƙara, na duba na ga Yaya ne daga Kano.

Ya ce, "Auta, Baba ya ce a gaya miki kunun ya yi daɗi."